Katakon falet wajen haɗa akwatin takin gida: yana da kyau, amma a duba tambarinsa

Cikin kayan da ake haɗa akwatin takin gida da su, falet, wato katakon da ake jera buhuna da kwalaye a kai wajen jigilar kaya, ya cancanci yabo. Guda huɗu masu tsawon santimita 120 da faɗin 100 sun wadatar. A tsayar da uku, a ɗaure kusurwoyinsu da waya mai kauri, na huɗun ya zama ƙofa. Cikin akwatin zai kai kusan mita ɗaya ta kowane ɓangare, girman da tarin shara ke buƙata ke nan kafin ya riƙe zafin digiri 55 zuwa 65, wanda ke kashe yawancin irin ciyawa da ƙwayoyin cuta. Tazarar da ke tsakanin katakan kuma tana shigar da iska, ba sai an huda komai ba.

Sai dai ba kowane falet ake ɗauka ba, domin abin da katako ya sha yana iya komawa cikin takin da za a zuba wa kayan lambu. A juya shi a duba gefen ƙafafunsa, akwai ƙonannen tambari mai harufan IPPC. In an ga HT, gasa katakon aka yi har tsakiyarsa ya kai digiri 56 na minti 30, babu sinadari, wannan shi ake nema. In an ga MB, an turara shi da gubar kashe ƙwari ta metil buromaid, a bar shi. Wanda ba shi da tambari ko kaɗan, ko mai tabon mai, ko mai warin sinadari, ba a san abin da ya ɗauko ba, a haƙura da shi ko da kyauta ne.

Wanda ya fi haɗari shi ne tsohon katako mai ɗan launin kore da aka ɗura wa maganin hana ruɓewa na CCA, mai ɗauke da gubar asenik. Amurka ta daina amfani da shi a yawancin ayyukan gida tun ƙarshen 2003, amma ragowarsa na nan yana yawo. Kada a yi akwati da shi, kada kuma a ƙona shi, tokarsa guba ce.

Raunin falet mai HT shi ne bai da kariya daga danshi da gara, ƙasansa kan fara ruɓewa cikin 'yan shekaru. A ɗora kusurwoyin a kan bulo, a ɗan babbake gindin katakon da wuta har ya yi baƙi. Shafa baƙin mai ko tsohon fenti mai dalma kuwa ɓata taki ne kawai. Gefen tarin yana saurin bushewa, sai a jingina kwali marar leda ta ciki. Don ɓeraye, a shimfiɗa ragar waya mai hana tsatsa a ƙasa, ramukanta kada su wuce santimita 1.

Gangar roba mai lita 200 ta fi falet daɗewa, in mai lamba 2 ce (lambar nau'in roba da ake bugawa a jikinta) kuma an tabbatar abinci ta ɗauko. Amma ta yi ƙanƙanta wajen riƙe zafi, kuma in ba a yi mata huda da yawa ba, ruwa kan kwanta a ƙasanta, takin ya yi tsami ya yi ɗoyi.