KoboCollect a Aikin Tattara Alƙaluma a Gombe

Duk ofishin ƙididdigar da ke son barin takarda, KoboCollect ya isa ya fara da shi. Manhajar Android ce, kyauta, tana aiki ba intanet: jami'i ya cike fom a ƙauyukan Dukku ko Nafada, ya tura idan ya samu sabis. Ana tsara fom da XLSForm, wato tsarin rubuta tambayoyi a teburin Excel, a sa ƙa'idar da za ta ƙi karɓar shekarun haihuwa 250, ta kuma tsallake tambayar juna biyu ga namiji. Wannan kaɗai ya rage wahalar gyaran bayanai sosai.

Tambayoyi na fitowa da Hausa lafiya lau, amma kada a sa ƙ, ɗ ko ɓ a sunayen ginshiƙan teburin bayanai.

Inda ake tuntuɓe shi ne GPS, wato abin da ke nuna wurin da ake a taswira. Ƙarƙashin rufin kwano yakan kauce, sai a fito tsakar gida a jira kaucewar ta ragu zuwa mita 5. Fom ɗin da ba a tura ba kuwa, waya na ɓacewa ya tafi, don haka a tura kullum da yamma. In an sauya tambaya ana tsakiyar aiki, kowa ya sauke sabon fom.

Babban bincike mai matakan masu duba aiki, manhajar Survey Solutions ta Bankin Duniya ta fi dacewa.