Land Cruiser 79 ko Ford F-250: wacce za ka saya ta hannu?

Alhaji, ka ce dillali ya kawo maka akori-kura biyu masu shan gas, Land Cruiser 79 mai injin 1HZ da ta yi aiki a nan gida, da Ford F-250 tokumbo daga Amurka, ta 2012. Ford ɗin ta fi girma kuma ta fi araha, aikinka kuwa jigilar taki da buhunan masara tsakanin gona da Dawanau. Kana son sanin wacce ta fi.

In ƙarfi ake magana, ba a haɗa su. Injin Ford na 6.7 Power Stroke, wanda aka fara sa wa tun ƙirar 2011, yana ba da ƙarfin doki kusan 400, shi kuwa 1HZ mai lita 4.2 bai wuce 130 ba, ba shi ma da turbo. A hawan tudu da lodi sai ka yi ta sauke giya. Ford an ƙera ta ne don jan tirela mai nauyi a kan kwalta, ga sanyin AC, ga wurin zama.

Amma abin da ya kamata ka tsaya a kai shi ne man da za ka zuba. Tun 2006 Amurka ta koma gas mai ƙarancin sulfur, kuma da shi aka tsara waɗannan injinan. Famfon mai na 6.7, wato Bosch CP4, ba ya haƙuri da ruwa ko datti. Ranar da ya ci kansa, garin ƙarfe yake watsawa cikin nozul da bututu har tanki, sai an canza kusan komai. Ga kuma matatar hayaƙi ta DPF da ruwan DEF, mai rage gubar hayaƙi, da take sha dabam. In ya ƙare, kwamfutar motar da kanta za ta rage maka gudu. Yanzu ka tuna gas ɗin jarka da ake sayarwa a bakin hanyar ƙauye. Shi 1HZ tun 1990 yake kasuwa, famfonsa na gargajiya ne, bakaniken garinku zai kwance shi a gindin bishiya, kayansa kuma suna nan a Ƙofar Ruwa da Panteka. Na Ford sai ka aika kasuwar Ladipo a Legas, wani lokaci sai an yi odar su daga waje motar na kwance.

Da ma a ce ta 2003 zuwa 2007 ce mai injin 6.0, da ban ɓata bakina ba, zan ce ka bar ta kawai, don ta yi suna wajen ƙona gasket.

Wajen dubawa kowacce da inda take ɓoye aibinta. Ford, ka karɓi lambar VIN, wato lambar shasi mai harafi da lamba 17, ka sa a binciko tarihinta, domin da yawa daga gwanjon motocin haɗari ko na ambaliya ake sayo su. Ka shiga ƙarƙashi ka duba shasi: wadda ta fito daga jihohin ƙanƙara irin Michigan da Ohio gishirin titi ya ci ta. Ka kuma duba awannin da injin ya yi a kunne, allon gaba yana nunawa, ya fi kilomita faɗin gaskiya. Land Cruiser kuwa wahala ce ke cinye ta. Ka duba walda a shasi da lanƙwasar sifirin, ka tambayi yaushe aka canza bel ɗin taimin, ka tayar da ita da safe injin na sanyi ka ga kalar hayaƙi. In sitiyarinta juyi aka yi daga dama, ka rage kuɗi sosai ko ka wuce. Duka biyun, lambar shasi ta yi daidai da takardar kwastam kafin ka ba da ko kafin alƙalami.

Sai ranar sayarwa. Land Cruiser ko ta tsufa, masu haƙar ma'adinai da 'yan kwangila da mutanen Agadas suna nemanta, tsadar da ka biya yau za ta dawo maka da kaso mai kyau. Ford kuwa arahar da ta ja ka ita ce za ka yi wa wani, bayan ta yi watanni a gaban dillali.

Ni dai ga aikin gona, 79 zan ɗauka. Ford sai in kana da tirelar ja, da gidan mai guda da ka amince da shi, da bakanike mai na'urar karanta kwamfutarta, kuma ka je da shi ranar ciniki.