Ledar gilashin ta yi kyau, amma takardar izinin ta bogi ce

Autata zabiya ce, shekararta 9. Duk tafiyar da za mu yi daga Kano zuwa Zariya gidan kakanninta, kafin mu kai Kwanar Ɗangora hannunta na wajen taga ya yi jajir, fuska kuma sai ta lulluɓe da mayafin mamanta saboda haske. Likitan fata da ke duba ta ya ce gilashin gaba yana tare mafi yawan hasken ranar da ke ƙona fata, na gefe ne ke barin wani kaso ya ratso. Ya rubuta mana takarda, ya ce mu nemi izinin sa baƙin gilashi.

Abin da ya kai ni wani shagon masu manna leda ke nan. Aikin hannunsu dai ba ni da ta cewa. Sun wanke gilasan da ruwan sabulu, suka yanka ledar daidai, suka bi ta da na'urar hura zafi har ta kwanta luf. Ranar yarinyar nan ta zauna a baya ido buɗe tana ƙirga tireloli, mamanta har da ƙwalla. Da a nan aka tsaya, da na tura musu duk wanda na sani.

Ina biyan kuɗi sai mai shagon ya ce, "Alhaji, kawo takardun mota da ta likitan, kwana uku izininka ya fito, ba sai ka taka ko'ina ba." Na biya kuɗin wannan daban. Kwana biyar ya miƙo mini takarda an rufe ta da roba, ga tambari ga hatimi, ga ɗan zanen nan da ake haskawa da waya.

Sati uku bayan nan aka tsayar da mu a shinge wajen Tashar Yari. Jami'in ya karɓi takardar, ya haska da wayarsa, ya sake haskawa, babu abin da ya fito. Ya ce, "Alhaji, ka taɓa zuwa an ɗauki hotonka da zanen yatsunka, an duba motar?" Na ce a'a, yallaɓai. Ya ce to wannan a shagon kwamfuta aka buga ta. Gumi ya karyo mini. Ni da ke da hujja ta gaskiya zaune a kujerar baya, ga ni tsaye bakin titi da takardar jabu gaban iyalina. Ya leƙa ya ga yarinyar, ya sassauta murya, ya ce dokar 1991 da ta hana baƙin gilashi ta ware dalilai biyu, lafiya da tsaro, kuma Sufeto Janar na 'yan sanda ko wanda ya wakilta ne kaɗai ke ba da izinin. Ya ce 'yata ta shiga cikin na farko, in je in nema da kaina. Allah ya saka masa da alheri.

Na koma shagon washegari. Maimakon ya ba ni haƙuri, mutumin nan sai ya hau yi mini lacca, wai ai maganar ma tana kotu, ƙungiyar lauyoyi ta shigar da ƙara. Na san da ƙarar. Na kuma san an dakatar da ba da izinin a 2021 aka dawo da shi a 2025. Me ya haɗa wannan da sayar mini da takardar ƙarya? Na ce ya ba ni takardar likitan, ya ce yaronsa ya ajiye ba a san inda take ba. Wannan ya fi kuɗin ƙona mini rai, don sai da muka sake bin layin asibiti da yarinya cikin rana.

Da kaina na cike neman izinin a POSSAP, shafin intanet na 'yan sanda, da lambar NIN da takardun mota da sabuwar takardar likita, sannan na je aka ɗauki hoto da yatsu.

Yanzu kuma yabon da na yi wa ledar ma na fara janye shi. Ta gilashin baya ta soma yin ƙuraje a kusurwa, kuma da daddare in zan yi ribas sai na sauke gilashi don duhunta ya yi yawa. Daga baya likitan ya gaya mini akwai leda mai haske garau da ke tare wannan hasken mai ƙona fata, wadda da ta wadatar a gilasan gefen direba. Mai shagon bai taɓa ambata mini ita ba, ya ga baƙar ce za ta jawo masa kuɗin izini. Na je sau uku neman kuɗina, kullum sai a ce maigida ya fita.