Olympus Trip 35: kyamarar fim da ba ta cin batir, da yadda ta yi da ranar Kano

Duk wanda yake son komawa ɗaukar hoto da fim, ko yake son gwadawa karo na farko, kuma yana zaune inda rana take da ƙarfi irin tamu, Olympus Trip 35 zan fara nuna masa. Na jima ina yawo da ita cikin Kano, tun daga damina har hunturu ya wuce, kuma ra'ayina a kanta ya tsaya wuri ɗaya. Da rana a fili, ban riƙe ƙaramar kyamarar da ta kai ta sauƙi da kyan aiki ba. Da magariba ko a cikin ɗaki kuwa, sai dai a yi haƙuri da ita.

Kamfanin Olympus na Japan ya fito da ita a 1967, ya ci gaba da ƙera ta har 1984, aka sayar da miliyoyi. Matafiya da masu son hoton iyali aka yi wa ita, mutanen da ba su da lokacin koyon lissafin haske. A Ingila har fitaccen mai ɗaukar hoton nan David Bailey ya yi mata talla a talabijin. Jikinta ƙarfe ne, nauyinta wajen giram 400, ta fi ƙarfin aljihun riga amma tana shiga aljihun kaftani idan mai faɗi ne. Gilashinta Zuiko ne mai milimita 40, mafi buɗewarsa f/2.8, kuma shi ne dalilin da ya sa har yau ake nemanta.

Abin da ya fara jan hankalina shi ne rashin batir. Kewaye da gilashin akwai wani zobe mai ƙyalƙyali kamar saƙar zuma, a bayansa akwai farantin selenium da ke mayar da haske 'yar wutar lantarki. Wannan 'yar wutar ce take motsa wata allura a ciki, allurar kuma ta ƙayyade yawan buɗewar ramin haske da saurin ƙyaurensa. Saurin iri biyu ne kacal: 1/200 na daƙiƙa idan haske ya wadata, 1/40 idan ya ragu. Idan ya yi ƙaranci sosai, wata 'yar jar tuta za ta ɗago a cikin tagar leƙawa, maɓallin ya ƙi dannuwa. Ba caji, ba neman wani batir da aka daina yi tun tuni, wanda shi ne ciwon kan masu sauran kyamarorin zamaninta.

Amma fa mafi ƙanƙantar shekaru a cikin Trip 35 ɗin nan ta haura 40, don haka kada ka biya kuɗi sai ka gwada. Ka juya zoben da ke kusa da jiki zuwa harafin A, inda kyamarar ke zaɓar haske da kanta, ka murza tayar jan fim, ka rufe gaban gilashin gaba ɗaya da tafin hannu, ka danna. Idan jar tutar ta fito kuma maɓallin ya cije, alama ce mai kyau. Sai ka fuskantar da ita sararin sama, ka danna rabi kana kallon cikin gilashin: ya kamata ramin ya tsuke ya zama ɗan ƙarami. Ka koma inuwa, ya buɗe. Idan girman ramin bai canza ba duk inda ka juya, ko dai selenium ɗin ya mutu, ko fukafukan ramin sun manne da tsohon maiƙo. Na biyun yana gyaruwa a hannun wanda ya iya. Na farkon kuwa, ka ajiye ka nemi wata, komai arahar da aka yi maka. Kuma ka duba zoben ASA, wato lambar da ke nuna saurin fim wajen kama haske: a kyamarorin farko-farko ya tsaya a 200, a na baya ya kai 400.

Tawa ta ci wannan jarrabawa, sai dai da na buɗe ƙofar baya na tarar baƙin soson da ke toshe gefunanta ya narke ya zama ƙwalta mai manne wa yatsa. Kusan dukkansu haka suke. Idan aka bar shi, haske zai riƙa sata ta wajen maƙalin ƙofar, hotuna su fito da jan zane a gefe. Na kai ta wajen wani dattijo da ya daɗe yana sana'ar hoto tun zamanin da ake wanke fim a ɗakin duhu, yanzu kuma hoton fasfo yake yi da na'urar zamani. Ya juya ta a hannunsa, ya murza tayar da babban yatsa, ya kara ta a kunne ya danna.

"Yaro, ina ka samo wannan? Ai lafiyarta ƙalau. Soson nan ne kawai ya gaji."

"To Baba, ana samun irinsa?"

"Ba sai irinsa ba. Miƙo mini tsinken sakace da sifirit."

Da tsinken ya bi kwarmin ƙofar yana kankare tsohon, a hankali, yana kare gilashin ciki da 'yar takarda don kada ɓurɓushi ya faɗa. Ya yanka siririn baƙin ƙyalle mai laushi ya liƙa a wajen maƙalin, ya cusa baƙin zaren ulu a kwarmin sama da na ƙasa. Tun daga ranar haske bai taɓa sata mini ba.

Ɗura fim ba wuya, amma akwai abu ɗaya da ke rikita sabon shiga. Kafin ka fara, ka kawar da zoben daga A ka sa shi a 2.8, domin idan kana cikin inuwa, wanda can ya kamata a ɗura fim, jar tutar za ta hana ka danna maɓalli ka ja fim gaba. Ka ja 'yar sakatar da ke ƙasan gefen hagu, ƙofa ta buɗe. Ka ɗago hannun naɗewa, ka zaunar da gwangwanin fim, ka mayar da hannun. Ka ja harshen fim ka soka shi a tsagar sandar dama, ka murza taya har ka ga haƙoran sun shiga hujojin fim sama da ƙasa, sannan ka rufe. Ka danna ka murza har lamba ta kai 1. A nan ka zuba wa hannun naɗewa ido: idan yana juyawa duk lokacin da ka murza taya, fim yana tafiya. Idan yana tsaye cik, harshen ya zame, kuma za ka iya ɗaukar hoto 36 a kan iska. Daga nan ka saita ASA daidai da lambar da ke jikin kwalin fim, ka mayar da zobe A. Idan fim ya ƙare, kada ka tilasta tayar. Akwai ɗan maɓalli a ƙasan kyamara, ka danna shi sannan ka naɗe fim ya koma gwangwaninsa kafin ka buɗe ƙofa.

Saita nisa da ido ake yi. A jikin gilashin akwai alamomi huɗu: kan mutum ɗaya na mita 1, mutum biyu na mita 1.5, mutum uku na mita 3, sai duwatsu na nesa. A ƙarƙashin gilashin an rubuta nisan da lambobi ga mai son daidaito. A ƙasan tagar leƙawa akwai wata 'yar ƙaramar taga da ke nuna maka alamar da kake kai ba tare da ka sauke kyamara daga ido ba, dabara ce da nake yaba wa wanda ya yi ta. Da farko na ɗauka wannan kintacen zai ɓata mini hotuna da yawa. A ranar Kano kuwa ramin haske kusan kullum a tsuke yake, shi kuma tsukakken rami yana sa na kusa da na nesa su fito tas a tare. Ina barin ta a kan mutum uku, in ɗaga in danna. Wurin da kintace ke da muhimmanci shi ne hoton fuska a inuwa, inda ramin ke buɗewa. Can sai ka auna da gaske, kuma kada ka matsa ƙasa da mita 1.

Inda na fi daɗewa ina koyon halinta shi ne wajen fararen kaya. Ma'aunin haskenta yana haɗa duk abin da ke gabanta ne ya ɗauki tsaka-tsaki. Ka tsayar da mutum baƙi cikin farar shadda mai sitaci ranar Juma'a, bayansa farin bango ko sararin sama, sai ta ga haske ya yi yawa ta tsuke rami. Shaddar za ta fito da kyau har zanen aikin wuya, fuskar kuwa ta nutse cikin duhu, idanu su ɓace ƙarƙashin inuwar hula. Maganinsa yana kan zoben ASA. Idan fim ɗinka 200 ne, ka sauke zoben zuwa 100 don wannan hoton, sai ta ninka hasken da take bari ya shiga, fuska ta fito da annurinta. Fim mai launi na negatif yana jure ƙarin haske sosai, ƙarancinsa ne ba ya jurewa, don haka shaddar ba za ta ƙone ba. Ka dai tuna ka mayar da zoben bayan ka gama. Yanzu ma sau da yawa nakan bar fim mai 200 a kan 125 ko 100 tun daga farko har ƙarshe idan mutane zan ɗauka, kuma na fi son abin da ke fitowa.

Wannan ya sa nake ba da shawarar fim mai 100 ko 200, irin su Kodak Gold 200 ko ColorPlus 200. Mai 400 a tsakar rana yana kai ta iyakarta, wato 1/200 da f/22, babu sauran wurin tsukewa. Ka ajiye mai 400, kamar Ilford HP5 Plus na baƙi da fari, don ranakun hazo da lungunan cikin gari.

Hotunan da suka sa na ƙaunace ta a marinar Ƙofar Mata na ɗauke su da hantsi. Wani marini yana tsugune bakin karofi, ya ɗago zane daga ruwan baba yana matsewa, hannunsa shuɗi har gwiwar hannu. A hoton ana ganin kumfar da ta taru a gefen ramin, da ɗigon ruwan da ke sauka daga zanen, da bambancin shuɗin da ya sha iska da wanda ya fito yanzu yana ɗan kore-kore. Jan ƙasar wurin ta fito da ɗumi irin na Kodak Gold, ba ta yi kururuwa ba. Gilashin nan yana da kaifi daga tsakiya har kusan gefe, kuma milimita 40 ya dace da yadda ido ke ganin titi: bai matse ba, bai kuma lanƙwasa fuskoki ba. Ƙarar ƙyaurenta 'yar ƙas ce kawai, marinin da na nemi izininsa ya ci gaba da aikinsa bai ma san lokacin da na danna ba.

A cikin kasuwar Kurmi labarin ya sha bamban. Lungunan da aka rufe samansu sun yi mata duhu, jar tuta ta yi ta ɗagowa. Akwai hanyar zagaye ta: ka kawar da zobe daga A zuwa 2.8, za ta ɗauka a 1/40 ko da haske bai isa ba. Wani lokaci a dace, wani lokaci hoton ya fito da duhu da tsaki-tsaki, kuma a wannan saurin dole ka manne gwiwar hannu a jiki ka riƙe numfashi. Dawakai ma haka: mahayi a tsaye da lifidi da kwalkwali, ta ɗauke shi da kyau, a sukuwa kuwa 1/200 bai isa ya tsayar da ƙafafun doki ba. Ga biki da dare, tana da mazaunin filasha a samanta, amma sai ka lissafa ramin da kanka gwargwadon nisa, kuma filashar ita tana cin batir. Wanda hotonsa na ɗakin taro ne da walimar dare, ya nemi wata kyamarar mai filasha a jiki.

Murfin gilashi wajibi ne. Selenium yana tsufa da yawan haske da danshi, don haka idan ba ɗauka kake ba, a rufe shi. Murfin ba zai yaudare ka ba, domin idan ka manta shi a kai tana kan A, jar tutar za ta hana ka ɓata fim. Lokacin hunturu ina saka ta cikin jakar leda mai zif a cikin jaka, ina kuma busa ƙura da 'yar robar hura iska kafin in kai ƙyalle kan gilashi, don ƙurar nan tana karce shi. Bakin gilashin milimita 43.5 ne, girman da ba kasafai ake samun gilashin kariya irinsa ba. Idan ka ci karo da shi, ka saya. Kada kuma ka bar ta cikin mota a rana da fim a ciki, zafi yana canza launi tun kafin a wanke.

Fim da wankinsa su ne ainihin nauyin wannan harka, kuma ya kamata mutum ya san haka kafin ya sayi kyamara. Shagunan hoton da na zagaya duk sun koma na zamani, injinan wanke fim an daɗe da kwashe su. Fim sai na yi oda daga Legas ko na roƙi matafiyi ya taho mini da shi, farashinsa kuma yana bin dala. Matafiyin ka roƙe shi ya sa fim a jakar hannu ya nemi a duba shi da hannu a filin jirgi, domin sababbin na'urorin leƙa kaya na CT suna lalata shi, Kodak da kansa ya yi gargaɗi a kan haka. Ka yi hattara da tsohon fim da ya kwana shekaru a shago cikin zafi, ko an ba ka shi rabin kuɗi. Wanki ma aikawa nake yi, a wanke da C-41, tsarin wanke fim mai launi, a turo mini hotunan ta intanet, negatif ɗin, wato fim ɗin da aka wanke, ya biyo baya. Nakan tara fim biyu ko uku kafin in aika don kuɗin mota ya yi sauƙi, ina ajiye su a wuri mafi sanyi a gidan. Idan za ka aika, ka ce a ɗauko maka hotunan da babban girma, ka kuma nace a dawo maka da negatif ba tare da an lanƙwasa shi ba, don daga shi za a sake buga hoton duk ranar da kake so.