Abincin kare a Ingila da abin da muke da shi a kwata

Yaya, ka tambaye ni ko ya dace ka riƙa sayen buhun abincin kare na ƙasar waje, irin wanda ake sayarwa a manyan kantunan Kano da Abuja, domin karnukan da ke gadin gonarka. Na ga ya fi kyau in rubuta amsar a tsanake, in kuma sanya ta inda sauran masu karnukan gadi da na farauta za su gani.

A nan Ingila akwai kantuna na musamman, irin su Pets at Home, waɗanda ba su sayar da komai sai kayan dabbobin gida. Abincin kare a cikinsu kashi uku ne: busasshe mai ƙwaya-ƙwaya a buhu, jiƙaƙƙe na gwangwani, da ɗanyen nama daskararre a firiza. Wannan na ukun ne ake tallatawa a matsayin abinci na asali, kuma ya fi yawancin busasshen tsada nesa ba kusa ba. Idan mutum ya leƙa firizar, abin da zai gani shi ne niƙaƙƙen tumbin saniya wanda ba a wanke ba, da wuyan kaji, da hanta, da ƙoda, a gefe kuma ga busasshen maƙogwaron saniya da kunnen zomo da gashinsa. Turawa kaɗan ne ke cin kayan ciki, shi ya sa ake tura su wajen kare. Mu kam ba za mu bar wa kare tumbi da hanta ba, amma huhu, da saifa, da kawunan kaji da ƙafafunsu, da guntattakin da mahauta ke sharewa daga teburi idan kasuwa ta tashi, duk ana samun su da araha, kuma sabon yanka ne.

Inda suka fi mu shi ne doka da awo. Dokar kula da dabbobi ta 2006 ta ɗora wa mai dabba nauyin ba ta abincin da ya dace da ita, kuma dole a rubuta a jikin kowane buhu ko cikakken abinci ne ko na ƙari, a jera abin da aka haɗa shi da shi, a faɗi yawan furotin da mai da ke ciki. Har haraji ma ya bambanta, domin abincin karen gida yana ɗauke da harajin kashi 20 cikin ɗari, alhali wanda aka yi domin karnukan aiki, kamar na kiwon tumaki, ba a ɗora masa ba.

Masu ɗanyen nama suna bin ra'ayin da wani likitan dabbobi ɗan Ostireliya, Ian Billinghurst, ya yaɗa tun 1993, cewa tun da kare jikan kyarkeci ne, to ɗanyen nama da ƙashi ne ya kamata su zama mafi yawan abincinsa. Hujjar tana da rauni. Binciken da aka yi a Jami'ar Uppsala ta Suwidin a 2013 ya nuna cewa zaman kare tare da mutane ya sa cikinsa ya fi na kyarkeci iya narkar da hatsi, saboda haka tuwon masara ko na dawa da muke ba karnukanmu ba laifi ba ne, laifin shi ne a ba su tuwon zalla. Nama zalla ma bai wadatar ba, domin ba shi da isasshen sinadarin gina ƙashi, kuma ɗan kwikwiyon da aka raina a kansa kaɗai ƙafafunsa na iya lanƙwashewa. Masu dafa wa karnukansu a gida a nan sukan cike wannan giɓi da dakakken ɓawon ƙwai. Awon da masu ɗanyen nama ke bi ga babban kare shi ne kashi 2 zuwa 3 cikin ɗari na nauyinsa a rana, wato kare mai kilo 25 zai ci kimanin rabin kilo zuwa giram 750.

Ni dai ban ba ka shawarar ɗanye ba. A nan naman ba ya fita daga sanyi tun daga masana'anta har gidan mai saye, amma duk da haka likitoci na gargaɗi a kan ƙwayoyin cuta irin su salmonela, waɗanda ke iya kama yaran gida ta kwanon kare. A zafin watan Afrilu na Kano, ga wutar lantarki da ba ta da tabbas, dafawa ce kawai mafita. Sai dai a cire ƙashi bayan an dafa, musamman na kaza, domin dafaffen ƙashi yana tsagewa ya huda hanji. A kuma daina juye wa kare ragowar miya, saboda albasa da tafarnuwa suna lalata jininsa a hankali, ga gishiri da dunƙulen magi da barkono da ba ya bukata. Masara ko gyadar da ta yi fumfuna tana iya kashe shi ta hanyar hanta.

Asibitin dabbobi a nan yana da kyau amma da tsada, domin babu na gwamnati kyauta, sai inshora ko ƙungiyoyin agaji irin su PDSA, wadda aka kafa a 1917. Da shiga ake ɗora kare a kan sikeli, don babbar damuwarsu ƙiba ce. Tamu kuwa tsutsar ciki ce, da kaska, da ciwon haukan kare, wanda cibiyar binciken cututtukan dabbobi da ke Vom a jihar Filato ke haɗa allurar rigakafinsa.

Saboda haka buhun nan na waje, wanda ya sha zafin jirgin ruwa da na sito har man cikinsa ya fara sauya wari, bai cancanci kuɗin da ake zuba masa ba ga babban kare mai lafiya. Idan za ka saya, ka saya wa 'yan kwikwiyo da karya mai shayarwa, ka duba ranar lalacewarsa, ka kuma tabbatar an rubuta cewa cikakken abinci ne na masu tasowa. Sauran kuɗin ka kashe su a wajen mahauci da malamin dabbobi.