qBittorrent: ba a komawa farko, amma data ce ke biya

Duk mai sauke manyan fayiloli da irin sabis ɗinmu ya san takaicin abu ya kai rabi, a ɗauke wuta ko netwok ya ɓace, a ce sai an sake daga farko. Abin da ya kai ni ga qBittorrent ke nan, manhajar sauke fayiloli da Christophe Dumez ya fara a 2006. Kyauta ce, babu talla a cikinta. Da ita na sauke Ubuntu, tsarin gudanar da kwamfuta wanda ya kusa gigabayit 6, da manhajar aikin ofis ta LibreOffice, da wasu tsofaffin littattafai daga rumbun intanet na Internet Archive. Dukansu masu kayan ne da kansu suka samar da hanyar torent, wato saukewa ta tsarin BitTorrent da qBittorrent ke aiki da shi.

A saukewar da muka saba, babbar kwamfuta guda ce ke ba kowa. In jama'a suka yi mata yawa, sai ta yi nauyi. Tsarin BitTorrent, wanda Bram Cohen ya fitar a 2001, ya juya lissafin. Ana datsa fayil gunduwa-gunduwa, kai kuma kana karɓa daga kwamfutocin mutane da dama a lokaci ɗaya: wannan ya ba ka gunduwa ta 40, wancan ya ba ka ta 7. Da zarar ka samu ɗaya, kai ma ka fara miƙa wa wasu. Aikin gayya ne, yawan hannu shi ke kawo sauri. Manhajar ma takan fara neman gunduwar da ta fi ƙaranci a hannun jama'a, don kada ta ɓace idan mai ita ya kashe kwamfutarsa.

Inda ta fi burge ni shi ne kowace gunduwa tana da lambar tantancewarta. In ta iso da lahani, ita kaɗai za a jefar a sake nemowa. Na kashe kwamfuta da dare, da safe na kunna, ta duba abin da ke hannu ta ɗora daga nan. Wannan kaɗai ya isa dalilin ajiye ta.

To wa ke haɗa ka da sauran mutanen? Napster, dandalin musayar waƙoƙi da ya fito a 1999, yana da cibiya guda mai riƙe jerin waye ke da me, shi ya sa umarnin kotu a Amurka ya iya durƙusar da shi a 2001. A BitTorrent kuwa akwai kwamfutoci masu nuna hanya, amma ko sun mutu akwai DHT, inda kowane mahalarci yake riƙe ɗan yanki na jerin, ana tambaya daga wannan zuwa wancan har a dace. Babu ƙofa ɗaya da za a rufe.

Sai dai gayya ba ci kawai ba ce. Bayan an gama saukewa, kwamfutarka na ci gaba da raba wa wasu, kuma datarka ce ke tafiya. Ga mai sayen data da gigabayit, wannan ba ƙaramin abu ba ne. In kuma ka matse hannu gaba ɗaya, sauran sukan fifita mai ba su, saurinka ya ragu. Tsohon fayil da babu mai cikakkensa kuwa, zai iya tsayawa a kashi 90 cikin 100 har ka gaji. Adireshinka na intanet a bayyane yake ga duk wanda kuke raba fayil ɗaya. Lambar tantancewar ma ba ta ce maka kayan na da tsabta ba, ta dai ce abin da aka ɗora ne ya iso, don haka daga shafin masu kayan kawai nake ɗauko torent, ɗan fayil ɗin da ake fara saukewar da shi.

Ni dai na rage saurin turawa a cikin saituna, na kuma sa ta tsaya da kanta idan na mayar da kwatankwacin abin da na karɓa. Ranar da na samu intanet mara iyaka, sai in sake mata mara.