Neman akwati a tsaunuka: da hatimi ko da waya?

Ana yawan tambayata wanne ya fi ga mai yawon tsaunuka, letterboxing ko geocaching, wasanni biyu na neman akwatin da aka ɓoye. Na farkon ya faro a Dartmoor ta Ingila a 1854, da wani ɗan jagora, James Perrott, ya ajiye kwalba a wani wuri mai suna Cranmere Pool. Rubutaccen kwatance kake bi da kamfas har ka gano akwati a ƙarƙashin dutse, ka buga hatimin da ke cikinsa a littafinka, ka buga naka a littafin da ke cikin akwatin. Hatiman nan da ake sassaƙawa da hannu su ke burge ni. Kuɗinsa kamfas da hatimi da tawada da littafi kawai, amma hazo kan ɓatar da mutum.

Na biyun, da aka fara a Oregon a 2000, GPS ɗin waya ke kai ka wurin akwatin, sai dai a kula da caji.

Mai haƙuri, hatimi ya dace da shi. Mai tafiya da yara, waya ta fi masa sauƙi.